Yadda Ake Maɗin Tsiro a Gida, da Haɗa Lemon Kayan Ƙamshi da Shi

Duk wadda ta taɓa tsayawa kusa da mai kunun zaƙi ta ga wannan abin da idonta. An dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri har ludayi na tsayawa a ciki, an bar ta ta sha iska, sai a kawo ɗanyen ƙullun da aka niƙa da busasshen dankali ko tsiro a zuba a juya. Kafin a zagaya roba sau goma kunun ya saki, ya tsinke kamar an ƙara masa ruwa. Bayan wasu sa'o'i kuma sai ga zaƙi ya fito, alhali ko ƙwayar sukari ba a jefa ba. Zaƙin nan daga jikin hatsin yake. Idan aka tace ruwan, aka ɗora a wuta ya ƙone ya yi kauri, sai a samu wani abu mai launin zuma da ƙamshin gasasshen hatsi. Shi nake kira maɗin tsiro, kuma shi za mu yi yau, uwargida, sannan mu haɗa lemo mai sanyi da shi.

Abin da ya ja hankalina ga wannan haɗin shi ne yadda masu haɗa abin sha a ƙasashen Turai suke dafa ruwan zaƙi daga hatsi, su gauraya shi da lemon tsami da wata giya tasu mai suna jin. Giyar ba tamu ba ce, ba ta kuma shiga kofinmu. Amma da na duba abin da ke ba ta ƙamshi sai na tarar da kayan gidanmu a ciki. Ban da 'ya'yan itacen junifa da su ne ginshiƙinta, kamfanin Bombay Sapphire na Ingila, mai yin wannan giya, yana lissafa citta mai 'ya'ya ta Afirka ta Yamma cikin kayan haɗinsa guda 10, tare da wani barkono na tsibirin Jaba wanda ɗan'uwan masoro ne. To, idan ƙamshin daga kasuwarmu ake ɗibarsa, hatsin kuma yana rumbunmu, me zai hana mu haɗa namu na halal, mu sha da buɗa-baki ko mu tari baƙo da shi?

Aikin kwana bakwai ne zuwa goma idan aka haɗa da yin tsiro da shanya shi, amma wahalar hannu ba ta da yawa. Rana ɗaya ce kawai za ki ware wa tukunya.

Zaɓen dawa da yin tsiro

Ki samu dawa gwangwani uku, wato kamar giram 500. Farfara na fi so, kaura ma tana yi. Jar dawa tana ba da launi mai kyau, sai dai tana kawo bauri a ƙarshen harshe, kuma baurin ƙaruwa yake idan ruwan ya ƙone. Dawar ta zama ta bana, ba surfaffiya ba, domin wadda aka surfa ta rasa idonta, ba za ta tsira ba. Kada ki kuskura ki yi amfani da irin shuka da aka yi wa magani, wanda za ki gan shi da launin ja ko hoda a jikinsa. Wannan na gona ne, ba na ciki ba.

Kafin ki jiƙa duka, gwada. Ƙirga ƙwaya 20 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye kwana biyu. Idan 17 ko 18 sun fito da farar saiwa, dawar na da rai. Idan rabi ne suka fito, ki nemi wata, domin ƙwayar da ba ta tsira ba ruɓewa take yi a tsakanin 'yan'uwanta ta ɓata su.

Wanke dawar, ki rege tsakuwa, ki kwashe duk wadda ta taso saman ruwa. Jiƙa ta awa 8, ki tsiyaye ruwan ki bar ta a kwando awa 3 ta sha iska, sannan ki sake jiƙa ta a sabon ruwa wasu awa 8. Wannan hutun na tsakiya yana da amfani. Ƙwayar hatsi numfashi take yi, idan ta kwana ta wuni a ruwa ɗaya sai ta shaƙe ta fara wari.

Daga nan ki shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara mai tsabta a inuwa, cikin ɗaki ko rumfa inda kaji ba sa kaiwa. Baza dawar kaurin yatsu biyu, ki rufe da wani jiƙaƙƙen buhun. Safe da yamma ki buɗe, ki yayyafa ruwa, ki juya ta a hankali da yatsu don kada saiwoyin su sarƙe su zama tabarma. Danshi ake so, ba kwanciyar ruwa ba. Idan kika sa hannu a tsakiya za ki ji ɗumi, alamar tana aiki ke nan. Idan ɗumin ya yi yawa sai ki ƙara baza ta. Dawa ta fi son zafin da ke tsakanin digiri 25 da 30, shi ya sa a bazara kwana uku ke isa, a hunturu kuwa takan kai biyar. Hanci ne alƙalinki a nan: tsiro mai lafiya ƙamshin ɗanyen kokwamba ko sabuwar ciyawa yake yi. Inda kika ga fumfuna, baƙa ko kore, ki kwashe wurin da kewayensa ki zubar. Idan ta yaɗu, ki haƙura da wannan zubin gaba ɗaya.

Lokacin tsayarwa shi ne sa'ad da saiwa ta yi gashi-gashi, kan tsiron kuma ya kai tsawon gaɓar yatsa ko ƙasa da haka, yana fari-fari bai koma kore ba. In ya yi kore ya fara buɗe ganye, ya cinye abincin da muke nema.

Shanya shi a rana a kan tabarma ko tire, a baje sosai, kwana biyu zuwa uku, har ƙwayar ta riƙa fashewa ƙaras a haƙori. Kada ki soya, kada ki kai shi bakin murhu don ya yi saurin bushewa. Sinadarin da ya farka a cikin ƙwayar, wanda masana ke kira amiles, shi ne ma'aikacinmu, kuma wuta tana kashe shi, musamman yana da danshi.

Sai abin da ba na so kowa ta tsallake. Bayan ya bushe, ki murje shi da tafin hannu sosai har saiwoyi da kan tsiron su kakkarye, ki bakace a faifai, ki sake murzawa ki sake bakacewa, sai ƙwaya zalla ta rage. Saiwa da tofon dawa suna ɗauke da wani sinadari mai suna durin, wanda ke sakin gubar sayanayid, irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci. Makiyaya sun san ta tun kaka da kakanni, ita ce ke kayar da saniya ko akuya idan ta ci gyauron dawa. Mafi yawanta a saiwar da tofon take, murzawa da bakace suna raba ki da ita, doguwar tafasar da za mu yi a buɗe kuma ta kori abin da ya saura. Abin da kika bakace ɗin ki binne shi ko ki ƙone, kada a zuba wa dabbobi.

Daka ƙwayar a turmi ko ki niƙa a bilenda, ta yi ɓarzo-ɓarzo, ba sai ta yi laushin garin tuwo ba. Ba na kai ta injin unguwa, saboda sau da yawa an niƙa barkono ko daddawa kafin ke, kuma maɗi ba ya ɓoye wari. Za ki samu kamar giram 400. A kwalba mai murfi yana watanni bai lalace ba.

Wannan aikin fa ba ƙarami ba ne a ƙasar nan. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt sun koma wa dawar Arewa. Abin da suke yi a manyan tankuna shi ne za ki yi a tukunyarki.

Ranar tukunya

Ki tanadi shinkafar tuwo kilo 1, garin tsiro giram 350, ɗanyen dankalin Hausa madaidaici guda ɗaya, babbar kula mai riƙe zafi, ƙyallen tata, da tukunya mai faɗi. Za a iya yin sa da surfaffen gero ko dawa, ɗanɗanonsu ma ya fi ƙarfi, amma a karon farko shinkafa ta fi sauƙin sha'ani: tana narkewa da wuri, ruwanta kuma ya fi fita garau.

Me ya kawo dankali? Tsiron dawa gwani ne wajen tsinka kauri, amma bai kai tsiron sha'ir ƙarfin fitar da zaƙi ba. Ɗanyen dankali kuwa yana da wadatar ainihin sinadarin da dawa ta gaza a kansa. Iyayenmu masu kunun zaƙi da suke jefa busasshen dankali a niƙa sun gano wannan ba tare da ɗakin gwaji ba.

Fara da jiƙa garin tsiron a ruwa lita 1, ruwan randa, ba mai zafi ba. Fere dankalin ki goga shi a magogi ki zuba a ciki, ki rufe ki ajiye awa ɗaya. A wannan lokacin ki wanke shinkafar ki dafa ta da ruwa lita 3, ba gishiri ba mai, har ta yi luguf ta fashe kamar za a tuƙa tuwo. Dole ta nuna sosai. Tsiro ba ya iya cin ɗanyen sitaci, sai wanda wuta ta buɗe.

Sauke tukunyar, ki zuba ruwan sanyi lita 1, ki juya da muciya kina farfasa gudaji. Yanzu aka zo wurin da aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Ana so shinkafar ta huce zuwa digiri 70 kafin jiƙon tsiro ya shiga, domin idan sun haɗu su tsaya tsakanin 60 da 65. Sama da 70, sinadarin zaƙin mutuwa yake cikin 'yan mintuna. Ƙasa da 50 kuma ƙwayoyin tsami ne ke samun wuri. Idan kina da ma'aunin zafi na girki, ya hutar da ke, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Idan babu, bayan kin haɗa ki tsoma wankakken yatsa: ya shiga, amma ki kasa ƙirga uku ba ki zare ba. In ko shiga ba ya yi, da saura. In kin iya barinsa a ciki kina hira, ya huce da yawa, ki mayar wuta kaɗan kina juyawa.

Karon farko da na gwada, ina sauke tukunya na juye tsirona a ciki tana tururi. Ya ɗan saki, na yi murna, na rufe. Bayan awa shida na buɗe na tarar da fate mai salam, babu zaƙi ko na ɗigo. Tsiron kwana bakwai ya tafi a minti ɗaya, kuma abin ya yi mini ciwo. Tun daga ranar ba na gaggawa a wannan gaɓar.

Idan zafin ya yi daidai, za ki gani nan take. Muciyar da kike turawa da ƙyar za ta fara yawo, cikin minti biyar tuwon ya koma kunu, kunun ya koma ruwa-ruwa. Ɗauraye kular da ruwan zafi don ta ɗumama, ki juye a ciki, ki rufe, ki lulluɓe da bargo. Ki bar shi awa 5 zuwa 6. A awa ta uku ki buɗe ki juya, ki ji zafinsa. In ya sauka sosai, ki ɗebi kashi ɗaya cikin uku ki ɗumama a wuta ki mayar.

Alamar ya yi: ruwa mai launin shayi marar madara ya taso sama, ƙwayoyin shinkafa sun zama fanko, in kin murza ɗaya a yatsa sai ɓawo kawai, ba danƙo. Ki ɗanɗana, za ki ji zaƙi mai sanyi kamar na rake da bai gama nuna ba. Mai son tabbaci ta ɗiga cokali ɗaya na ruwan a farin faranti, ta sa ɗigon aidin irin na ciwo. In ya koma shuɗi mai duhu, akwai sauran sitaci, a ƙara awa ɗaya. In ya tsaya ja-ja ko ruwan ƙasa, ya gama. Abin da aka gwada a farantin zubarwa ake yi, ba ya komawa tukunya.

Kada ya wuce awa 8, kuma kada ki ce bari ya kwana gobe na dafa. Ruwan tsiro mai zaƙi da aka bari ya huce ya kwana, tsami yake fara yi, daga nan ya fara kumfa, kuma wannan ita ce hanyar da ake bi a yi burkutu. Tsakanin maɗinmu da abin da muke gudu, tafasa ce a kan lokaci. Shi ya sa nake fara dafa shinkafar da hantsi, in rufe kula kafin azahar, in tace bayan la'asar, maɗi ya sauka kafin a kwanta.

Tata da ƙonewa

Ɗaura ƙyallen tata a bakin bokiti mai tsabta ki juye. Bari ya tsiyaye da kansa tukuna, sannan ki tattara bakin ƙyallen ki matse. Mayar da dusar cikin roba, ki zuba mata ruwan zafi lita 1, ki cuɗa ki sake tacewa. Akwai zaƙi mai yawa da ke maƙalewa a nan. Duka za ki samu wajen lita 5. Ki ɗora a wuta ya tafasa minti 10, ki sauke ki bar shi rabin awa ya kwanta, sannan ki tsiyaye na saman a hankali cikin tukunya mai faɗi, ki bar laka a ƙasa. Wannan 'yar ɗawainiyar ita ce ke sa maɗin ya fito yana sheƙi maimakon ya yi duhu-duhu kamar koko.

Tukunya a buɗe, wuta mai ƙarfi da farko. Kumfa mai toka-toka za ta riƙa taruwa a gefe, ki riƙa kwashewa. Awa ɗaya da rabi na farko babu abin da yake buƙata sai leƙe. Idan ya ragu ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, sai ki rage wuta ki jawo kujera, domin daga nan ba a barinsa. Launin zai tashi daga ruwan shayi zuwa ruwan zuma, gidan ya cika da ƙamshi kamar ana gasa masara ana dafa alewa lokaci guda. Ƙananan kumfa masu saurin fashewa za su koma manya masu sheƙi, suna tashi a hankali suna faɗawa. Juya da cokalin katako kina kankare ƙasa, don da zarar ya kama, ɗacin ƙauri ya shiga ke nan, ba ya fita.

Ki ajiye faranti a firji tun da wuri. Ɗiga maɗin a kai ki jira rabin minti, ki ja yatsa ta tsakiya. In hanyar ta tsaya ta ɗan jima kafin ta rufe, ya yi. A ma'auni wajen digiri 105 ke nan. Ki sauke shi tun yana miki kamar bai gama kauri ba, saboda in ya huce kaurinsa ninkuwa yake, kuma na lemo ana so ya zama mai zuba, ya narke a ruwan sanyi ba gardama. In kika zarce, alewa za ki samu, mai jan haƙori. Mutanen Koriya da gangan suke zarcewa: da shinkafa da tsiron sha'ir suke dafa irin wannan maɗin, su ci da waina, su ƙara ƙona wani ya zama alewa.

Daga kilo ɗaya nakan samu abin da ya haura rabin lita kaɗan. Juye shi da zafinsa a kwalbar gilashi da aka tafasa ta bushe, ki rufe, in ya huce ki sa a firji.

Kada ki yi tsammanin zaƙin sukari. Sukarin tsiro bai kai rabin na rake kaifi a harshe ba, zaƙinsa a kwance yake, yana tafe da ɗanɗanon hatsi a bayansa, kuma dalilin yin sa ke nan. Sai dai rashin kaifin kada ya ruɗi kowa: yana hawa jini da sauri, mai ciwon suga ya ɗauke shi kamar yadda yake ɗaukar sukari.

Ruwan kayan ƙamshi

Na gwada dafa kayan ƙamshin a cikin maɗin kai tsaye, ban ji daɗinsa ba. Awa biyu a wuta tana kashe ƙamshin citta ta bar yajin kawai, kanumfari kuma ya danne kowa. Gara a dafa su daban, maɗin ya zauna wankakke, a ci shi da masa ko a zuba a fura in an ga dama.

Ga abin da nake sawa a ruwa rabin lita: ɗanyar citta kamar yatsu biyu, citta mai 'ya'ya ƙwaya 15, masoro 8, kanumfari 4, kimba ɗaya, guntun kirfa kamar rabin yatsa, da ɓawon lemon zaƙi guda. Kimbar ki fasa ta ki cire 'ya'yan ki zubar. Ƙamshin a kwanson yake, 'ya'yan ɗaci ne da su. Ɓawon lemon kuma ki fere shi siriri, launin kawai, ban da farin ciki. In kin ci karo da busassun 'ya'yan junifa a manyan kantuna, guda 6 da aka ɗan fasa suna kawo wani ƙamshi kamar na itacen daji bayan ruwan sama, amma mai juna biyu ta bar su, kuma lemon yana tsayawa da ƙafarsa ko babu su.

Zuba busassun kayan a kasko ba mai, ki ɗan motsa su a wuta kamar minti ɗaya, da kin ji ƙamshi ya bugi hancinki ki sauke. Ki ɗan daddaka su, ba gari ba, a dai fasa. Yanka cittar siriri, ki haɗa duka a ruwan, ki rufe, ya yi ɓararraka a ƙaramar wuta minti 10. Sauke, sannan ki jefa ɓawon lemon, ki mayar da murfi rabin awa. Ɓawon ba ya son tafasa. Tace da ƙyalle, ya huce, a sa a firji. Kwana uku yake yi da ƙarfinsa, bayan haka ƙamshin ya fara gudu, don haka kaɗan-kaɗan ake dafa shi.

Ki ɗanɗana shi haka nan. Ya kamata ya yi miki ƙarfi fiye da yadda za ki iya sha, ya ɗan ciji maƙogwaro, domin ƙanƙara da soda za su sassauta shi.

Haɗa kofin

Na kofi ɗaya: maɗin tsiro cokali 2 na cin abinci, ruwan ƙamshi cokali 4, ruwan lemon tsami da aka matse yanzu cokali 1 da rabi, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Gishirin ba za a ji shi ba, fito da ɗanɗanon hatsin yake yi.

Zuba su a kwalba mai faɗin baki, ki fara juyawa da cokali har maɗin ya narke kafin ƙanƙara ta shiga. In ya haɗu da sanyi bai narke ba, dunƙulewa yake a ƙasa. Sannan ki jefa ƙanƙara cike da hannu, ki rufe, ki girgiza da ƙarfi kina ƙirga goma sha biyar, har kwalbar ta yi raɓa ta fara cizon tafin hannu. Cika dogon kofin gilashi da sabuwar ƙanƙara, ki tace haɗin a kai, ki ƙarasa da ruwan soda mai sanyi kamar mililita 100, kina zubawa ta gefen kofin. Juyi ɗaya daga ƙasa ya isa. Ki murza ɓawon lemon tsami a saman kofin don man da ke jikinsa ya fesu, ki mari ganyen na'a-na'a a tafin hannu ki ɗora.

Kurɓar farko tsami da sanyi za ki fara ji, sai hatsin ya biyo, can daga baya citta da masoro su ɗumama ƙirji. In ya yi miki tsami, ƙara rabin cokalin maɗi. In ya yi nauyi ya kwanta a harshe, lemon tsami yake nema, ba ruwa ba. Lemon tsamin rani da na damina ba ƙarfinsu ɗaya ba, saboda haka awon nan mafari ne, harshenki ne zai ƙarasa.

Wanda ke son ɗan ɗaci ya sa ruwan tonik a madadin soda, sai a rage maɗin tunda tonik na da nasa sukarin. Jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri tana maye gurbin lemon tsami, kuma ita da kimba sun san juna. Da sanyin hunturu nakan bar ƙanƙara da soda, in zuba haɗin a kofin shayi in cika da ruwan zafi. Maigida ya fi son sa haka bayan isha'i.

In baƙi ne da yawa ko buɗa-baki, ki ninka awon sau goma a jug: maɗi mililita 300, ruwan ƙamshi 600, lemon tsami 225, ki juya ki sa a firji tun la'asar. Kin ga ke nan ruwan ƙamshin sai kin dafa ninki biyu. Soda ba ta shiga jug. Sai an kira salla, kowa ya riƙe kofinsa da ƙanƙara, sannan a zuba haɗin zuwa rabi, a fasa soda a cika.

Maɗin yana sati uku a firji, muddin busasshen cokali ne kawai ke shiga kwalbar. Inda wuta ba ta zama, ki ƙona shi ya fi haka kauri, ki raba a ƙananan kwalabe, in za ki yi lemo ki narka abin da kike buƙata da ɗan ruwan ɗumi. Duk ranar da kika buɗe murfi kika ji iska ta fito da ƙara, ko kika ga ƙananan kumfa suna tasowa da kansu, ko wari mai tsami ya bugo ki, ya fara juyawa, ki zubar da shi ki wanke kwalbar da ruwan zafi. Dusar shinkafar da kika matse kuwa, tunda ta tsiron da aka murje aka bakace ce, ki tafasa ta ki shanya, kaji na son ta. Ragowar garin tsiron, giram hamsin ɗin nan, ki adana shi don kunun zaƙin Juma'a.